Kujeru Ruwan Madara

Kada dariyar da ke cikin labarin nan ta ruɗe ka. Na yi ta da gaske, har haƙarƙarina ya yi ciwo, amma akwai inda za ta tsaya cak, kuma a wurin da za ta tsaya akwai jinin 'yata.

Ni telan mota ne. Shekara ashirin da shida ina ɗinka kujerun motoci a wata rumfa da ke ƙarshen gareji, bango ɗaya da Mai Fenti. Karatuna bai yi nisa ba. Kuma ni mutum ne mai saurin faɗuwar gaba: yaro ya yi tari sau biyu, na fara neman takalmina. Maman yara kan ce da fargaba sana'a ce, da tuni na gina bene. Amma ranar da ya kamata gabana ya faɗi, ko motsi bai yi ba.

Ranar ce surukina ya shigo gareji da sabuwar jif. Manaja muke ce masa, don shi ke kula da wani babban shagon tayil. Shi ne mijin 'yata Allura. Sunan nan a rumfata ta samo shi, tun tana 'yar siririya tana zama a kan tarin soso tana zura mini zare.

Kafin mu ga motar, inuwarta muka fara gani. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, ka duba gefenta ka ga haƙoranka. Gabanta kamar ƙirjin ɗan dambe, fitilunta sirara kamar idon mage mai jin barci, tayoyinta sun kai mini ƙugu. Guduma ta tsaya a gareji. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya bar baki buɗe. Mai Fenti ya zagaya ta sau uku, hannuwansa a baya don kada ya taɓa.

"Tela," in ji shi, "wannan ba mota ba ce, giwa ce aka sa wa taya. Surukinka zai riƙa hawa da tsani ne?"

Manaja ya yi murmushi ya buɗe ƙofa. Sai ga wata matakala ta zaro kanta daga ƙarƙashin motar, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Gareji ya ɗauki ihu. Mai Fenti ya ja da baya yana salati. Daga ranar sunanta ya zama Giwa.

"Baba, bismilla," in ji Manaja. "Kai ne ka san ciki."

Na cire takalmina. Ban san lokacin da na cire ba. Na hau, na zauna, sai na ji kamar an ɗauke ni an ajiye a tafin hannu. Kujeru bakwai ne, jeri uku, dukkansu fata ruwan madara. Rufin sama gilashi, kana zaune kana kallon gajimare. Allon gaba ya fi talabijin ɗin gidana girma, in ka sa giyar baya ya nuna maka har kazar da ke kiwo a bayanka. Manaja ya danna wani abu, kujerar ta fara matsa mini baya kamar mai tausa. Na saki dariya. Ya danna wani, sai na ji iska mai sanyi tana fitowa daga ƙarƙashina.

"Wayyo! Manaja, wa ke hura ni?"

"Kujerar ce, Baba. Duba da kyau."

Na sa tabarau na duƙa. Fatar cike take da 'yan ƙananan huji, dubbai, kamar an bi ta da bakin allura, ta nan iskar ke fita. Ɗinkin kuwa layi biyu ne, a jere, ba inda ɗaya ya kauce wa ɗan'uwansa ko da faɗin gashi. Na bi shi da yatsa tun daga matashin kai har ƙasa. Shekara ashirin da shida ina neman irin wannan layin a kekena ban samu ba. Idona ya kawo ruwa.

A nan ne na yi maganar. Mutane sun taru a bakin ƙofa, kowa na kallona, ni ne masani, kaina ya kumbura.

"Manaja, ka saurare ni," na ce, har da ɗaga yatsa. "Fatar nan ba ta yafiya. Man gashi, tawada, amai, duk abin da ya zuba ya bi hujin nan ya shiga soso, ya shiga ke nan. Jini kuwa ya fi kowa mugunta. In jini ya taɓa ta, sai dai a feɗe kujerar. Kada ka bar kowa ya ɓata maka ita kafin in ɗinka mata riga. Ni da hannuna zan ɗinka, irin wadda ba za a gane riga ce ba."

Aka tafa mini. Manaja ya gyaɗa kai kamar ɗalibi.

Da yamma ya kai ni gida a ciki. Na zauna a gaba, na sauke gilashi don unguwa ta gan ni, na riƙa ɗaga wa mutane hannu, har waɗanda ba ma gaisawa. Maman yara ta leƙo ta ce, "Malam, sauko haka, kada ka saba." Ranar ban iya cin abinci ba don surutu. Na kwaikwayi ƙarar ƙofar ya fi sau goma: ba "garam" ba, "tub", kamar an rufe firji.

Lokacin Allura na da ciki wata uku, na fari. Kwana huɗu da zuwan motar ta kira ni tana dariya.

"Baba, an kore ni daga Giwa."

"Laifin me kika yi mata?"

"Warin sabuntar nan ne ya tayar mini da zuciya. Na yi ƙoƙari na leƙa waje, amma kaɗan ya taɓa jikin ƙofa. Ka ga yadda ya tsaya a tsakiyar titi ya cire hularsa yana gogewa? Ya ce ba zan ƙara shiga ba sai ka gama riga."

Ni ma na yi dariya. Na ce, "Kwantar da hankalinki, sati biyu ne."

Washegari na auna kujerun. Yini guda na yi da tef da alli da kwali, ina fitar da surar kowace gaɓa: mazauni, majingina, matashin kai, inda bel ke fitowa, inda jeri na uku ke naɗewa ya kwanta. Manaja na tsaye a kaina da ƙyalle, duk inda na dafa ya goge.

Sai neman yadi. Na farko da aka kawo mini, da na ɗora shi a kan kujera a rana, ya yi fari da yawa. Na mayar. Na biyu ya ja zuwa ruwan ƙasa. Na mayar. Na uku kalar ta yi kusa, amma ba shi da huji, zai toshe iskar. Mai Fenti ya ce, "Tela, wai riga kake nema ko matar aure? Ɗuwawu za a ɗora a kai fa, ba ido ba."

"Kai da ka san fenti kawai, me ka sani? Kana so a ce ni na sa wa Giwa tsumma?"

Mai sayar da yadi ya ce akwai irin wanda nake so, yana hanya. Sati biyu suka zama wata, wata ya zama uku. Ban ji komai ba, don kusan kowace Asabar Manaja kan biyo ya ɗauke ni mu zaga gari. Na koyi buɗe but da ƙafa: ka wuce da ƙafarka ƙarƙashin bamba, ƙofar baya ta ɗaga kanta. Na yi ta yi a gaban mutanen gareji har Mai Fenti ya ce zai fara karɓar kuɗin kallo.

Allura kuwa motar haya take bi zuwa awo. Mota biyu ce daga gidansu zuwa asibiti, da tafiyar ƙasa a tsakani. Ran nan, cikin na wata shida, ta biyo ta rumfata a kan hanyar komawa. Ta zauna a kan soso kamar da, ta zare silifas. Ƙafafunta sun kumbura, igiyar silifas ɗin ta bar mata zane.

"Kawo in zura maka," ta ce, ta karɓi allurar daga hannuna. Sau ɗaya ta zura. "Baba, ina rigar nan?"

"Yadi nake jira. In kin gan shi za ki ce gara da aka jira."

"Ni ko buhu ne ka ɗinka. Buhun ma ba sai ka wanke ba."

Mai Fenti ya kwashe da dariya daga bayan bango. "Faɗa masa, 'yata! Ubanki sai ya auna inuwar kujera kafin ya yanka."

"A motar yau mu biyar ne a kujerar mutum huɗu," ta ce tana murza ƙafa. "Wata mata ta ɗora mini kwandonta a kan ciki, ta ce in riƙe mata, ai na riga na saba da kaya."

Muka yi dariya mu uku. Na saya mata ruwan sanyi, na raka ta bakin titi, na tsayar mata da mota. Da ta ɗaga ƙafa za ta hau, sai da ta yi sau biyu. Na gani. Gabana ya ɗan taɓa, na ce a raina gobe zan yi wa Manaja magana.

Na yi masa, a cikin Giwa, kujera na matsa mini baya.

"Manaja, yarinyar nan ta yi nauyi. Ko za a shimfiɗa mata zane ta riƙa shiga?"

"Haba Baba! Zane ai ruwa na ratsa shi. Kai da bakinka ka ce fatar nan ba ta yafiya. Ni maganarka nake bi. Kuma fa ba na hana ta komai, kullum sai na tambaye ta ko ta isa lafiya."

Maganata ce ya miƙo mini. Sai ya danna wani maɓalli, fitilu sirara suka kunnu a jikin ƙofofi, shuɗi, ya koma kore, ya koma ja. Na ce, "Kai! Sake in gani." Maganar ta tsaya a nan.

Maman yara ba ta tsaya ba. Ta shirya ta je wurin mahaifiyar Manaja. Ta dawo tana huci, ta jefar da mayafi a kan gado.

"Ka san abin da Hajiya ta ce mini? Wai su da suka haifi tara, da ƙafa suka yi ta zuwa ko'ina. Wai tafiya tana sauƙaƙa naƙuda, yaran yanzu ne da son jiki. Alhali ita jiya a motar aka kai ta gaisuwa, an shimfiɗa mata tawul."

"To ai ita ba ta amai."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Malam, kai ne fa in yarinyar nan ta yi atishawa ba ka barci. Me motar nan ta ba ka ka sha?"

"Yadi na hanya," na ce.

A wata na bakwai nas ta ce jininta ya hau. Ta ce ta rage tsayuwa, ta rage jijjiga, ta riƙa zuwa awo duk sati. Allura ta gaya wa mijinta. Ya ce to, zai riƙa tashinta da wuri don ta samu kujerar gaba a motar haya. Fuskarta ta fara kumbura, zoben hannunta ya ƙi fita sai da sabulu. Dariyarta ta ragu a waya. In na ce yaya jiki, sai ta ce, "Da sauƙi, Baba," ni kuma in shiga ba ta labarin yadi.

Wata Talata ta kira ni da rana tsaka.

"Baba, yau na ga Giwa."

"A ina?"

"A bakin titi, ina jiran mota. Na fi rabin awa a tsaye. Sai ga ta ta taho, shi kaɗai a ciki, kujera shida ba kowa. Ya gan ni."

"Ya tsaya?"

"Ya yi mini hon. Ya ɗaga mini hannu." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Matar da ke kusa da ni ta ce, 'Kin san mai motar nan?' Na ce mata maƙwabcinmu ne."

Wannan ta shige ni. Na ajiye waya na ce yau ko da wane yadi ne zan yanka. Na miƙe ke nan zan ɗauko wanda na taɓa ƙi, sai ga mai yadi ya shigo da nadi a kafaɗa, yana washe baki. Ya warware. Ruwan madara sak, da hujinsa, laushi kamar kunnen jariri. Na ɗora bakin yadin a kan hoton kujerar da ke wayata, na fita da shi rana, na dawo da shi inuwa. Bai canza ba. Na rungume mai yadi. Na yi rawa a tsakar gareji da nadin a hannu, Mai Fenti na buga mini gwangwanin fenti.

Na kira Allura. "An samu! Kwana goma ki shiga Giwa kamar matar gwamna!"

"To, Baba," ta ce.

Da na so, kwana uku sun isa in gama kujerar baya, wadda za ta zauna a kai. Amma na fara da ta direba, don ita ake fara gani. Na yi ɗinki layi biyu. In layi ya kauce ko kaɗan, in farke in sake. Ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamarsa ba. Ina taka keke ina waƙa. Mutane na zuwa kallo. Kwana goma suka zama sha takwas.

Ranar ta sha tara, wajen sha ɗaya da rabi na safe, saura bakin majinginar baya kawai in naɗe, waya ta yi ƙara. Manaja ne.

"Baba, rigar baya ta samu?"

"Saura ƙiris."

"Ka kawo ta yanzu. Ko ba a gama ba, ka kawo."

Muryarsa na rawa. Na ɗauka zumuɗi ne irin nawa. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ce komai ba.

"Ina tafe," na ce.

Na dubi bakin nan da bai naɗu ba, zare na reto. Na ce wata biyar ana jira, a ce na kai aiki da baki a sake? Na zauna na gama. Da na gama na ga wani layi ya ɗan karkace, na farke tsawon taƙi na sake. Na goge, na naɗe a leda, na tsaya na nuna wa Mai Fenti. Ya ce, "Tela, yau ka haifu." Na hau babur ina murmushi ni kaɗai.

Ɗaya saura kwata na isa gidan. Giwa na tsakar gida, ƙofar baya a buɗe, matakalar a waje. Na shiga da sallama da ƙarfi, na ɗaga ledar sama.

"Ina matar gwamna? Fito ki ga..."

Tana zaune a kan dandamalin ƙofar falo, ta jingina da wata maƙwabciyarsu. Zanenta ya jiƙe. Jini ya bi siminti ya gangara har bakin magudana, gefensa ya fara bushewa. Leɓɓanta sun yi fari.

"Tun sha ɗaya," in ji maƙwabciyar, tana kuka. "Tun sha ɗaya nake roƙonsa. Ya ce ya kira mai tasi, ya ce Baba na hanya."

Manaja ya fizge ledar daga hannuna, ya warware rigar, ya cusa ta cikin mota. Gumi ya jiƙa masa riga. "Yi sauri, Baba, ɗaura. Minti biyu ne. Mai tasin ya yi ta cewa ga shi nan, ga shi nan. Ɗaura mu tafi."

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko maman yara. Na hau motar. Na ja rigar a kan kujera. Hannuwana suka zura ƙarƙashi suna neman ƙugiya, kamar yadda suka saba shekara ashirin da shida. Na ɗaura igiya ta farko. Na ɗaura ta biyu. Na ga wani wuri ya tattare a kusurwa, na sa tafin hannu ina shafe shi.

"Baba."

A hankali ta faɗa. Na waiwaya. Tana kallona ta ƙofar motar.

"Da ya ce kana hanya, na ɗauka wurina za ka zo."

Ban san yadda na sauko ba. Na sunkuce ta, ni da bayana ke ciwo in na ɗaga nadin soso. Rigar ta rufe rabin kujera ne kawai, ta zame da na kwantar da ita, ta tattare a ƙasa. Manaja ya buɗe baki.

"Baba, gefen nan bai..."

"Tayar da motar nan," na ce, "ko in fasa gilashinta da kaina."

Minti goma sha biyu muka yi zuwa asibiti. Na duba, don agogon yana nan a allon gaba, manyan lambobi masu haske. Motar ba ta jijjiga ko sau ɗaya ba. Ramukan da 'yata ta yi wata biyar tana sha a motar haya, Giwa ta bi ta kansu kamar tana tafiya a kan katifa. Kan Allura na kan cinyata, iska mai sanyi na fitowa daga kujerar, ina kallon jini yana bin 'yan hujin nan yana shigewa ɗaya bayan ɗaya.

Aka shiga da ita tiyata. Likitar, wata mace mai tabarau, ta fito bayan awa biyu. Ta ce mabiyiya ce ta saki kafin lokaci. Ta ce an ciro yarinya mace, ƙarama ƙwarai, ba ta yi kuka da wuri ba, an sa ta a kwalba. Uwar ta zubar da jini da yawa, ana ƙara mata.

"Yaushe jinin ya fara?" ta tambaya.

"Sha ɗaya," na ce.

Ta dubi agogon hannunta. "Daga nesa kuke? Ba ku samu mota ba ne?"

Manaja na tsaye kusa da ni, makullin Giwa a hannunsa. 

Allura ta farfaɗo washegari. Ta yi magana da uwarta, ta yi da nas. Da na shiga ta ce, "Sannu, Baba," ta juya fuska bango. Hajiya ta zo dubiya ta ce haka Allah ya tsara, ba wanda ya isa ya kauce. Manaja ya ce wa duk wanda ya tambaya mai tasi ne ya cuce su.

Kwana uku bayan haka ina zaune a rumfa, ban taɓa keke ba, sai ga inuwar nan ta shigo gareji. Ba wanda ya ajiye guduma. Manaja ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce jikin da sauƙi, ya biyo ta asibiti. Ya murza makulli. Sannan ya ce, "Baba, dama kujerar nan ce. Na sa sabulu, na sa man goge fata, abin sai ƙara yaɗuwa yake. Na ce ko akwai dabara."

Na je na duba. Tabon ya yi baƙi-baƙi, ya kai faɗin faranti, ya shiga soso. Gaskiya na faɗa tun ranar farko: ba ya fita. Kuma na san dabarar. A feɗe fatar, a yanke soson, a sa sabo, a ɗinke. Ragowar yadina zai isa, yini biyu ne, ba mai ganewa.

"Babu dabara," na ce.

"Ko rigar ce a ɗaura a kai, ta rufe?"

Rigar na nan a ƙasan kujera inda ta zame. Na ɗauko ta, na koma rumfa, na ɗauki almakashi na bi layi biyun nan da na yi kwana sha tara ina jerawa. Mai Fenti na tsaye a bakin bango, karo na farko da na ga bakinsa a rufe.

Na rubuta wannan ne saboda tun da abin ya faru mutane ke zagin Manaja a gabana, suna jira in taya su. Ya cancanci zagin. Mutum ne da ya tsaya awa biyu tsakanin matarsa da kujera ya kasa zaɓa. Amma ni na ba shi maganar da ya riƙe, ni na mayar da yadi uku saboda kala, ni na ɗaura igiya biyu 'yata na zubar da jini taku huɗu daga inda nake. Uwarsa ta ce tafiya magani ce, gareji ya yi tafi, unguwa ta ɗaga mana hannu. Wata biyar yarinya na hawa motar haya da kumburarrun ƙafafu, kuma a cikinmu duka ba wanda ya yi ko da faɗa ɗaya mai ƙarfi a kanta, sai uwarta. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta. Kowa na cikin farin ciki.

Yau kwana goma sha ɗaya. An sallami Allura, tana ɗakin uwarta, kullum da safe muna kai ta asibiti ta zauna kusa da kwalbar. Jiya zare ya ƙi shiga mini, na yi ta fama a tsakar gida ina gyara maɓallin riga. Allura ta zo wucewa, ta tsaya, ta karɓa ta zura, ta miƙo mini ta shige ɗaki.

Na tambayi likitar ko awa biyun nan ne suka jawo. Ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba. Na tambaye ta ko yarinyar za ta fita daga kwalbar, in ta fita kuma ko za ta ji, ta gani, ta yi tafiya kamar sauran yara. Ta ce har yanzu ba a sani ba.